Muryar Kwaɗona a Bakin Yagana

Bintu, matar ɗana Bukar, ita ke riƙe da biro, ni ke magana. Na gaya mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta yi masa kwalliya, don ni ban taɓa zama a aji ba, kuma ban ji na rasa komai ba. Abin da nake so in gyara a nan shi ne maganar da ke yawo a gidan nan, wai na wulaƙanta baƙuwa, wai Malama Rifkatu ta zo gaishe ni na hana ta abin da ta roƙa saboda ba addininmu ɗaya ba. Wanda ya fara faɗin haka bai san ni ba. Maƙwabciyata ta bango ɗaya a nan unguwar Limanti 'yar coci ce, ni na yi mata wankan jego a duk haihuwarta. Abin da ya shiga tsakanina da Malama kishi ne tsagwaronsa, kuma ba a kan namiji ba. A kan tatsuniya ne, da jikata Yagana, da ɗan ƙwaron nan mai wuta a gindi da ke fitowa da damina, maƙesu.

Ku da kuka taso a gabana kun san tabarmata. Bayan magariba ake shimfiɗa ta a gindin darbejiya, yaran gidanmu da na maƙwabta su zauna, masu jin Kanuri da masu jin Hausa da 'ya'yan Shuwa, ni kuma in ba su tatsuniya da Hausa don kowa ya samu. A shekarun da aka hana fita da yamma, lokacin da ake jin ƙarar abubuwa daga nesa, tabarmar nan ce ta hana yaran layinmu kuka. Ina da tatsuniyoyi fiye da abin da zan iya tunawa a zama ɗaya, amma ta maƙesu daban take. Kakata Ya Amsa ce ta ba ni ita da Kanuri, ita ma daga tata kakar ta karɓa, kuma a kowane zamani yarinya ɗaya ake zaɓa a koya mata ita sosai, da inda ake rage murya da inda ake yin shiru.

Ga yadda take a taƙaice. Da can, kafin ashana ta wadata, in wutar gida ta mutu sai a aiki yarinya maƙwabta da tsingaron tukunya ta ɗebo garwashi. Ni kaina an aike ni haka ba adadi. To Maƙesu yarinya ce da uwarta ta aika ɗiban wuta da almuru. Tana dawowa hadari ya taso, sai ta ɓoye garwashin a ƙugunta, ƙarƙashin zane, don kada ruwa ya kashe shi. A hanya ta gamu da kwaɗo, ya roƙe ta ɗan ɗanɗane, don a zatonsa jan dabino ne. Ta ce ba na ci ba ne, ya nace, ya lasa, harshensa ya ƙone, shi ya sa har yau maganarsa a shaƙe take. Da ta iso, ta tarar ruwa ya tafi da gidansu. Tun ranar take yawo da wutar tana neman uwarta, tana hura garwashin kada ya mutu. In ya yi haske ta hura ne, in ya dushe tana jan numfashi ne. Wurin kwaɗon nan shi ne inda nake kama yara. Nakan kumbura kumatu, in danna maƙogwaro da babban yatsa, in ce "Ɗan lasa kawai, 'yar uwa," sai ka ga har manyan da ke wucewa sun tsaya.

Yagana ce wadda na zaɓa. Uwarta ta rasu tana goye, a bayana ta ƙarasa girma, a gadona ta yi fitsarin kwance. Tun tana ƙarama in damina ta yi takan kamo maƙesu ta sa a kwalbar turare ta kawo mini, ta ce in tambaye ta ko ta ga uwarta. Ni na kama yatsanta na ɗora a maƙogwaronta na nuna mata inda ake dannawa. Da ta shiga jami'a ta ce karatun ƙwari za ta yi, mutanen gida suka yi dariya, ubanta ya so ta yi aikin asibiti. Ni na tsaya mata. Na ce ku bar ta, ni na san inda ta samo shi.

Shekarar da nake magana a kanta ita ce ta ƙarshenta a jami'a. Ta zo hutu da damina, ƙasa ta jiƙe, ciyawa ta fito a bayan gida. Wata rana bayan magariba na daɗe a kan sallaya saboda gwiwata, ina cikin lazimi sai na ji kwaɗona yana magana a tsakar gida. Muryar da nake yi, sak, har da ɗan tarin da nake ƙarawa a ƙarshe. Raina ya yi fari. Na ce yarinya ta ɗauki gadonta tun ina raye. Na lallaɓa na tsaya a bakin ƙofa don in ji ko za ta yi shirun a inda ake yi. Sai na ji ba tatsuniyata ba ce.

"Tun kafin a yi mutum a duniya," in ji Yagana, "akwai wata 'yar tsutsa a cikin ruɓaɓɓen ganye, ba ta da fiffike, ba ta iya gudu. Kwaɗo ya zo ya ce, ɗan lasa kawai, 'yar uwa. Ya lasa, ya ji ɗaci har cikin kansa, ya tofar. To gobe a cikin duhu ta yaya zai gane ta don kada ya sake?"

"Da wutar," in ji yara baki ɗaya.

"Da wutar. Wadda ta fi haske ita kwaɗo ya fi tunawa, ita ta tsira ta haihu, 'ya'yanta suka gaje ta. Sai can daga baya, da jikokin jikokinta suka saba da wutar, manyansu masu fiffike suka ce, tunda muna da fitila, bari mu riƙa kiran juna da ita in lokacin aure ya yi."

Yara suka fashe da dariya a kan maganar auren. Babu wanda ya waiwayo ya ga ina tsaye. Har wurina a kan tabarma, inda na jingina filo, ita ke zaune a kai. Na koma ɗaki. Tuwon ranar ban ci ba, na ce gwiwa ce.

Da safe na same ta a madafa tana dama kunun gyaɗa. Na zauna a kan turmi.

"Ƙawata, jiya na ji kwaɗo a tsakar gida. Na wa ne?"

"Naki ne mana, Kaka. Wa ya iya shi in ba ke ba?"

"To tsutsar ta wa ce?"

Ta yi dariya, ta ce ai ba tatsuniya ba ce, abin da masu bincike suka gano ne. Ta fara zuba, idonta na ƙyalli yadda yake yi tana ƙarama in na kai wurin hadari. Wai duk 'ya'yan maƙesu suna haske tun suna tsutsa, har ƙwan ma, amma a cikin manyan akwai waɗanda ba su da wuta ko kaɗan, da ƙanshi suke neman juna. Wannan ya nuna wutar a wurin yara ta fara, manya aro suka yi. Wai an sami kakan kakansu a cikin ƙaron itace da ya daskare ya zama dutse tun zamanin da ba wanda zai iya ƙirgawa, da wurin fitilarsa a jikinsa. Wai abin da ke kunna wutar ma da can ba aikinsa ke nan ba, kitse yake sarrafawa a jikin ƙwaro, sannu a hankali ya sauya aiki, kamar tsohon gwangwani da aka mayar aci-bal-bal.

"Yanzu ke, Allah ne ya ba maƙesu wutar ko malamanku?"

"Allah ne, Kaka. Mu sawu kawai muke bi, mu ga ta wace hanya ya kawo shi. Mama Rifkatu takan ce..."

Ban ji abin da takan ce ba. Kunnena ya tsaya a kan "Mama". Yarinyar da ba ta taɓa kiran kowa da wannan sunan ba tunda aka binne uwarta, ni kaina Kaka take ce mini, ga shi ta sami wadda za ta kira. Na tambayi ko wace ce. Malamarta ce, mutuniyar Biu, ita ke duba aikinta, ita ke kai su bakin kogin Ngadda neman ƙwari, in dare ya yi musu a gidanta suke cin abinci. A cikin hutun nan kaf, ba a buɗe tukunya a rufe ba sai an ambaci Mama Rifkatu. Mama ta ce fitilun kan titi ne suka sa maƙesu ya yi ƙaranci a gari. Mama ba ta sa maggi da yawa. Mama ta ce in ci gaba da karatu. Ni da na goya ta har bayana ya sage, sai na zama mai sauraro.

Bintu, kada ki rage wannan wurin. Abin da ya fi ci mini rai ba ƙarya aka yi wa yara ba. Da ƙarya ce da na huta. Ni mai tatsuniya ce, na san labari mai kyau in na ji shi, kuma wannan mai kyau ne. Jariri ya riga uwarsa riƙe fitila, gargaɗi ya koma kiran masoyi, wa zai ƙi jin wannan? Kuma da hannuna aka tuƙa shi. Shiruna, tafina, kwaɗona, duk ta kwashe ta kai wa labarin wata mata.

Kafin hutun ya ƙare Malama ta zo da kanta. Doguwa ce, baƙa, da furfura a gaban goshi, ba ta kai ni shekaru ba amma ba yarinya ba ce. Ta cire takalmi tun daga zaure, ta durƙusa ta gaishe ni da Kanuri, ta ce "Wushe, Mama," ta kawo mini turaren wuta mai kyau daga Kasuwar Litinin. Na so ta yi wani abin da zan kama, ba ta yi ba. Na sa aka kawo mata ruwa da abinci, ta ci har ta nemi ƙarin miya. Duk wanda ya ce ban karɓe ta ba, ya tambayi Bukar, yana nan.

Ta zo da wata 'yar roba mai jiƙaƙƙen ƙasa da ganye a ciki. Ta ce Yagana ta gaya mata ban yarda tsutsa na haske ba. Da rana tsaka ce, sai muka shiga ɗakina, Yagana ta rufe ƙofa ta rataya bargo a taga. Muka zauna har idona ya saba da duhu. Malama ta ɗan taɓa ganyen da tsinke. Sai ga shi. Wani ɗan kore-kore a ƙasan robar, bai kai ƙwayar gero biyu ba, yana tafiya a hankali. Da aka ɗaga bargon na duba, tsutsa ce mummuna, mai gaɓa-gaɓa, ba fiffike, ba zane, ba ƙugun da za a ɓoye garwashi. Ba wanda ya taɓa aiken wannan abin ɗiban wuta. Da ita aka haife shi.

"Kun tabbata saboda kwaɗo ta kunna?" na ce.

"Ba mu tabbata ba, Mama," in ji Malama. "Abin da aka daɗe ana ɗauka ke nan. Yanzu wasu sun ce wutar ta riga ɗacin zuwa, wai da farko wani amfani take yi wa jikin ƙwaron, hasken tsautsayi ne ya biyo baya. Ana nan ana gardama."

"Wato labarinku ba shi da ƙarshe."

"Ba shi da shi tukuna."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Daga nan ta kawo abin da ya kawo ta. Za ta yi magana a wani taro na malamai, tana so ta buɗe da tatsuniyata, in faɗa a ɗauka a waya, a kunna wa mutane, sannan ita ta ɗora da abin da bincike ya nuna. Yagana na gefe tana murmushi, da alama ita ta kawo shawarar, tana ganin girmama ni ta yi. Na kalli robar, na kalli yarinyar. Na ga yadda abin zai kasance: a kunna muryar tsohuwa, manya masu tabarau su yi murmushi, sannan a ce to yanzu ga gaskiyar. Ya Amsa ta zama ruwan wanke hannu kafin a kawo abinci.

"Malama," na ce, "kin riga kin sami kwaɗona, kin sami yarinyata. Wannan kuma ki bar mini."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, ba zagi, ba ɗaga murya. Ta sunkuyar da kai ta ce ta fahimta. Yagana ce ta fita da hawaye, ta raka ta har bakin titi ta sa ta a keke mai ƙafa uku, ta dawo ba ta yi mini magana ba sai washegari.

Da a nan na tsaya da ba a sami abin rubutawa ba. Amma yamma na yi, in na shimfiɗa tabarma, sai yara su riƙa leƙen ɗakin Yagana. In na fara, suna ji, amma da rabin kunne. Ban taɓa roƙon kunnen yaro ba a rayuwata, kuma ban yi niyyar farawa da tsufa ba. Sai na yanke shawara. Tunda ta ɗauki kayana ta kai wa labarinsu, ni ma zan ɗauki labarinsu in kawo gidana. Na shiga tambayarta kamar ba komai, muna tsinke zogale, muna wanke-wanke. Me tsutsar ke ci? Katantanwa. Me ya sa wutar ba ta ƙuna? Ƙaron nan wane launi ne? Ita kuwa murna take, tana ganin Kaka ta sauko. Ba ta san awo nake yi ba.

Ana jibi za ta koma makaranta, na zauna a wurina na ba yara labarin. Na ba tsutsar suna, na ba ta uwa da ta mutu ta bar ta a cikin ganye ba ta bar mata komai ba sai ɗaci. Na sa kakanta ya maƙale a cikin ƙaro yana kallon duniya tana sauyawa ta cikin ruwan zuma. Na sa kwaɗo ya dawo sau da yawa, kowane zuwa da sabuwar dabara. Na sa saurayin maƙesu mai in'ina ne, bai iya zance ba sai da fitila. Kuma na yi masa ƙarshe, abin da malamai suka kasa. Ba yaron da ya motsa. Ƙaramin cikinsu ya yi fitsari a zaune don kada ya tashi ya rasa wani wuri. Da na gama na dubi Yagana. Tana jingine da darbejiya, bakinta a buɗe, kamar tana 'yar shekara biyar.

"Kaka, kin fi ni," ta ce.

"Da ma."

Na karɓi tabarmata, ban sake rasa ta ba har yau. Amma ku ji abin da na biya. Yaran nan, duk da daga bakina suke jin sa, sunan da suka sa masa shi ne labarin Malama. "Kaka, yi mana na Malama." Na hana, na yi faɗa, sunan ya zauna. Matar da ta zo gidan nan sau ɗaya, ta zauna bai fi tsakanin azahar da la'asar ba, kullum damina sai an kira ta a kan tabarmata. Tatsuniyar Ya Amsa kuwa ba mai tambaya. Bara na gwada ba su ita ba tare da sun roƙa ba. Ina kaiwa inda yarinya ta ɓoye garwashi a ƙugunta, sai 'yar autar Bintu ta ɗaga hannu kamar a aji.

"Kaka, ai ba garwashi ba ne. Tun tana ƙwai take da shi, ke kika faɗa."

Ni na faɗa. Me zan ce mata? Na naɗe tatsuniyar a nan, ban ƙarasa ba. Abin da na hana Malama ta yi wa Ya Amsa a gaban baƙi, shi ya same ta a tsakar gidanta. Shi ya sa na sa Bintu ta rubuta ta a sama, ko da a taƙaice. Takarda ba ta kumbura kumatu, amma ba ta katse mutum.

Yagana yanzu tana wata ƙasa mai sanyi tana ci gaba da bin sawun tsutsarta, Malama ce ta nemo mata hanya. Na sa mata albarka da bakina kafin ta tafi, kada wani ya ce ban sa ba. Takan kira a wayar Bukar ranar Juma'a. Kwanan baya ta ce mini gardamar nan ta ɗaci da wuta har yanzu ba a gama ba, ta ce Mama Rifkatu na gaishe ni, wai ta yi ritaya, jikokinta sun cika mata gida, kullum suna damunta ta ba su labarin maƙesu.

"Tana ba su?" na ce.

"Tana ba su."

"Da kwaɗon?"

Na ji tana danne dariya.

"Ta gwada, Kaka. Kamar akuya mai mura."

"Kin nuna mata inda ake danna yatsa?"

"Ban nuna mata ba."

"To kada ki nuna."

Na miƙa wa Bukar wayarsa, na ce a zubo mini tuwo, a ƙara man shanu.